Wai Shi Za a Shimfiɗa wa Katifa

…katifa fa. Katifa! Wai shi za a shimfiɗa wa katifa, shi, Baba Ƙwallo, mutumin da ya fara faɗowa daga kan tebur tun uwar daraktar nan ba ta iya ɗaura zane ba. Ga ta can an jingine da bango, 'yar katifar yara, da zanen agwagi, da taswirar fitsari a tsakiya. Ta jikansa ce. Ya gane ta. Surukinsa ne ya ɗauko ta daga gida, ya hauro da ita bene yana haki yana murmushi, kamar wanda ya kawo tsaraba… Mtsw.

Yana zaune a kujerar roba, wadda ƙafarta ɗaya ke lanƙwashewa in mutum ya yi atishawa, yana jiran a zo wurinsa. Jira. Yanzu shi ke jira. Da can shi ake jira—ɗaki ya cika, a rasa wurin sa ƙafa, a ce Ƙwallo bai iso ba, sai kowa ya yi jugum kamar a layin asibiti. Yau ga shi a lungu kusa da tsintsiya, fankar sama na juyawa da karyayyen fiffike, ƙasa kuma masu facin taya na dukan ƙarfe, warin roba na shigowa ta taga… Wannan ne gidan wasa? Saman shagon faci? An buga 'yan katakai an ce dandamali. To. Katako dai ne, ya taka ya ji, yana da amo. Wannan kaɗai ne abin kirki a ɗakin.

Kuma yau ce ranar. Kamar zai manta! Shi ya jawo gwajin nan, da bakinsa, a gaban kowa. In ya faɗo daga teburin aka yi dariya, rigar bara tasa ce, shi zai fito ranar buɗe wasa. In ba a yi ba, a ba wancan… wancan mai miƙe-miƙen da ke can yana taɓa yatsun ƙafarsa. Shi kuma a mai da shi mai gadin ƙofa, ya leƙo ya ce "An yi baƙi," ya koma ya zauna. An yi baƙi! Shi! Aikin da ko aku aka ba zai raina.

Tsinke, tashi daga kabarin nan ka ga abin da ake so a mai da abokinka.

Wasan ai tsoho ne, ya girmi kakan kowa a ɗakin nan. Wani mutumin wata ƙasa ya rubuta, ya mutu, ƙasusuwansa ma sun mutu, amma har gobe in an yi shi daidai sai an fita da mutane ana yi musu fifita. Maigida ne mai ji da kansa, ya sa an zana masa hoto, yana so a rataye kafin baƙi su iso. Baransa ya hau tebur yana ratayewa, bakinsa ba ya shiru, har maigida ya kwaɗa masa mari, ya faɗo ta baya. Shi ke nan wasan. Sauran duka—surutun uwargida, soyayyar 'yar gida, kaza da kaza—hanya ce kawai ta zuwa teburin. Bai taɓa karanta shi ba. Me zai karanta? Makarantar da ya yi ko benci bai ɗumama ba aka koro shi, wai ya kwaikwayi tafiyar hedimasta. Kuma daidai ya kwaikwaya, shi ne laifin. Tsinke ke karantawa, shi yana kwance yana sha ta kunne, da safe ya tashi da wasan a cikinsa kamar tuwon jiya—a'a, kamar ciki ma, cikin haihuwa, har motsi yake.

"A sake daga shigowar uwargida."

Ita ce. Mai Tabarau. Darakta. Yarinyar da ta je jami'a ta yi digiri a kan dariya… Digiri a kan dariya, jama'a! Ita da ko murmushi za ta yi sai ta duba takarda ta ga ko ya halatta. Biro a kunne, biro a hannu, biro a baki. Rannan ta tsayar da shi, tsakiyar magana, wai "Baba, me baran nan yake ji a ransa a daidai nan?" Me yake ji? Yunwa yake ji, 'yata! Bara kuma me zai ji? Ta rubuta. Wallahi ta rubuta! Da ya ce mata baran yana jin ƙaiƙayi a duwawu, da shi ma ta rubuta ta ja masa layi.

Ga uwargida ta shigo. Mai Ɗinki ce, tela, cingam a baki, ido a waya. Tana faɗin maganarta kamar mai karanta takardar magani. Ta manta rabi, ta cike da "yauwa". Ga maigida kuma—wayyo, ga maigida. Surukinsa. Mai Kemis. Mijin 'yarsa, mutumin kirki, Allah ya sani, mutumin kirki kamar ruwan ɗumi. An sa masa tumbin tsumma da gashin baki na manne, wai shi ne azzalumin maigida. Azzalumi! Mutumin da in zai kori ƙuda sai ya ba shi haƙuri. Duk gwajin da aka yi, in an zo wurin mari, sai ya ɗaga hannu, ya tsaya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, a gafarce ni," sannan ya shafo masa kumatu kamar mai shafa man zafi. Mari ne ko duba zazzaɓi?

Tsinke fa, lokacin da shi ne maigidan? Tsinke dogo ne kamar sandar tuta, ba nama, hannu kamar faranti. In ya kawo mari iska ce ke fara zuwa, ka ji ta a gashin kunne, hannun ya wuce da tazarar da ko takarda ba ta shiga. Ranar da suka yi faɗa kuwa—a kan wata mai sayar da lemo ce, kai, wannan mata—ranar bai bar tazara ba, shege. Ya ji taurari. Ya faɗo da gaske, ɗaki ya tashi, wani mutum a layin gaba haƙoran robarsa suka faɗo suka shige ƙarƙashin kujera, ana ta nema da fitila har aka tashi. Wata mata naƙuda ta kama ta nan take don dariya, aka haifi yaron a bayan labule, da kunnensa ya ji kukan. Yaron yanzu babban mutum ne, in ya gan shi a hanya sai ya fito daga mota ya durƙusa. To, wani ya durƙusa dai. Ƙila shi ne.

Gwiwar nan…

Ba komai. Sanyin fanka ne.

Shekaranjiya ma ai ba gwiwa ba ce. Teburin ne, ƙafa ɗaya ta fi gajarta, duk mai ido ya gani. Ya hau, ya miƙe, ɗakin ya ɗan yi gefe—ɗan kaɗan, kamar kwalekwale—ya riƙe bango. Shi ke nan! Riƙe bango laifi ne? Me aka yi bango dominsa? Sai ga Mai Tabarau ta cire tabarau. In ta cire tabarau magana ta ɓaci. Washegari 'yarsa ta bugo mata waya, 'yar cikinsa, wadda ya goya a wuya ya kai ta kallon wasan nan tana tafi da 'yan hannuwanta—"Baba ya tsufa, likita ya ce, ƙashin ƙugu in ya karye a wannan shekarun…" Likita! Yaron da bai taɓa faɗowa ko daga kan gado ba zai gaya masa yadda ƙashi ke karyewa. Aka zaunar da shi a tsakiya kamar ɓarawon kaza. Wai a cire teburin, a mare shi yana zaune a kujera. Yana zaune! To daga ina zai faɗo, daga mutuncinsa? Nan ya miƙe ya daki ƙirji: a kirawo mutanen waje, waɗanda ba su san wasan ba, ba su san kowa ba, su zama alƙalai. In sun yi dariya, nasa. In ba su yi ba, ga riga, ga hula, a ba mai miƙe-miƙe. Ta ce ba ta yarda ba. Ya ce to zai gwada musu a matakalar bene yanzun nan, ta siminti. Ta mai da tabarau. Ta ce ta yarda, amma da katifa.

Da katifa. Ya ce to. Ya ce "to, 'yata," da murya mai laushi, har da sunkuyar da kai…

Ba ta sani ba. Yo ina za ta sani, ba a rubuta a takarda ba. Mutum ya faɗa kan katifa, me za a ji? Fuf. Kamar tusar jariri. Wa zai yi dariya don fuf? Ƙarar ce dariyar. Katako ya ce GARAM, cikin mai kallo ya amsa kafin kansa ya san abin da ya faru. Tebur kuma gefe biyu gare shi. Su shimfiɗa agwaginsu a dama. Allah ya hore wa bawansa hagu.

Dubi wancan kuma. Malamin tsalle-tsalle, mai koya wa yaran makaranta guje-guje, wando mai ratsi, ƙirji kamar ƙofar firji. Yana can yana lanƙwasa wuya, ƙas, ƙas, don a ji. Ya iya faɗuwa, wai. Ya nuna musu rannan, ya tashi sama, ya juya, ya dira, ya mirgina, ya miƙe tsaye da hannuwa a buɗe kamar mai jiran lambar yabo. Mai Ɗinki har da tafi. Faɗuwa ce wannan ko rawa? Wa zai yi wa gwani dariya? Mutane ba sa dariya don ka iya, ɗan samari, suna dariya don ba ka zata ba. Fuska ce. Kafin jiki ya tafi sai fuska ta tambaya, "Ni?" Ido ya nemi wanda zai cece shi, ƙafa ɗaya ta taka iska tana zaton tebur ne, hannu ya kama abin da babu… sannan a tafi. Wannan fuskarsa ko an mare shi da gaske ba ta san tambaya ba. Fuskar talla.

Shi kam, Ƙwallo, daga kan mota ya fara. Babbar mota, lodin buhuna, shi ɗan dako ne, gashin baki bai fito ba. Buhu a kai, ƙafa ta zame—rigijib! Yana kwance yana jiran ya ji ko ya mutu, sai ya ji wani abu kamar ruwan sama a kan kwano. Dariya. Duk layin shaguna, har da mai kayan da aka fasa wa buhu. Wani dogon akawun sito ya zo ya tsaya a kansa, inuwarsa kamar igiya, yana share hawaye da bayan hannu, bai ce sannu ba, bai ce ka ji ciwo ba—

"Kai, za ka iya sakewa?"

Ka tuna, Tsinke? Kai ne mutum na farko da ya yi masa tambayar hankali a duniya.

Me take yi? Me Mai Ɗinki take yi a can? An ba su hutun shan ruwa, ita kuma ta zaro tef daga wuya… tana auna kafaɗar malamin tsalle-tsalle. A ɓoye wai, ta juya baya. Tana auna, tana leƙen rigar da ke rataye a ƙusa. Rigarsa! Rigar bara, mai faci a gwiwar hannu, wadda zufarsa ta rina tun launinta na asali yana raye. Ba a ko yi gwajin ba, an fara yi wa gawa awon likkafani. Ki auna da kyau, 'yar nan, ki ƙara masa a ƙirji, ki rage masa a kai, nan ne ba komai. Shi kuma gogan ya kalle shi ya yi murmushi, har da ɗan rusunawa. Ladabi! Duk sun bi sun cika shi da ladabi. "Baba, ga ruwa." "Baba, a kawo kujera?" "Baba, a hankali, akwai mataki." Ya san akwai mataki! Da can zaginsa ake a titi, yara na binsa suna "Ƙwallo, faɗi mu gani!" direbobi na jifansa da ɓawon ayaba. Wannan ne girma. Ba wannan lallashin ba, kamar ƙwai a cokali.

Takun ƙafa a matakala. Yauwa. Ga alƙalai.

Masu faci ne, su da wani direban tanka da ke jiran a gama masa taya. Shi ya sauka ɗazu ya gayyato su da kansa, ya zaɓa da kyau—mutanen da in akuya ta yi tari sai sun riƙe ciki. Hannuwa baƙi ƙirin, sun jeru a bango suna kallon tumbin tsumman Mai Kemis, tuni ɗaya ya fara ƙyaƙyatawa. Ka gani? Ba a ma fara ba. An gama, Mai Tabarau. Ki ajiye biro.

"Baba, mun zo wurinka. In ka shirya."

In ya shirya! Tun kafin a haife ki…

Ya miƙe. Gwiwar ta ce wani abu, bai saurare ta ba. Ya ciro rigar daga ƙusa, a gaban idon tela, ya zura a hankali, maɓalli bayan maɓalli, ta gani da kyau. Warinta—kai, warinta! Hoda, ƙura, tsohon tsoro. Suna jan katifar zuwa dama da tebur, Mai Kemis yana daddanna ta da tafin hannu, yana gyara kusurwa, saura kaɗan ya kawo filo da bargo. Malamin tsalle-tsalle ya miƙo hannu wai zai taimaka masa ya hau. Kauce, ɗan nan. Kujera tukuna, sannan tebur. Ƙafar dama. Ƙafar hagu… hagu… taho mana, 'yar banza, ana kallo. Yauwa.

Sama.

Da can teburin bai kai haka tsawo ba. Kafintocin yanzu ba su da tsoron Allah.

Bango. Ƙusa. An miƙo masa hoton—wani mummunan zane, fuskar Mai Kemis da gashin baki kamar burushi. Ya karɓa, ya juya shi kai ƙasa, ya kalla, ya gyaɗa kai kamar haka ya fi kyau. Direban tanka ya tuntsire. Ji! Ji wannan! Ya shiga ta tafin ƙafa, ya hau ta ƙashin baya, gwiwa ta yi shiru, ɗaki ya tsaya cak. Ina ciwon? Wane ciwo? Likita ya zo ya ga magani.

"Hoton ya miƙe?" in ji maigida.

"Ya miƙe, ranka ya daɗe. Ya ma fi ka."

Dariya. Ta gaske, mai ƙazanta, mai tari a ciki.

"Yana kama da ni?"

"Sak! Sai dai shi ba ya magana, shi ya sa ya fi ka kwarjini."

Wani yana dukan bango da tafin hannu. Ƙaramin cikinsu ya durƙushe. Har Mai Ɗinki ta daina taunar cingam, har Mai Tabarau—ya gani ta wutsiyar ido—bakinta ya motsa ba ta duba takarda ba. Ku sha, 'ya'yan nan, ku sha, wannan ɗanɗano ne, naman na zuwa. Haɓa a ƙirji, kada ƙeya ta taɓa ƙasa. Iska a fitar duka, mai iska a ciki shi ke fashewa. Damatsa su fara sauka, a shimfiɗe, sannan baya, sannan diddige ya daki katako don ƙara. Jikin ya sani. Jikin ya fi shi sani, ko cikin barci…

"Sunkuyo," in ji maigida. "Sunkuyo in gaya maka wata magana a kunne."

Ya sunkuya. Fuskar surukin ga ta dab, zufa na bin gashin bakin manne, ido kamar na saniya a mahauta, leɓe na motsi: "Baba, don Allah ta dama… ta wajen katifa… a gafar—"

A'a. Yau kam a'a. Ba za a shafa masa man zafi a gaban masu faci ba. Ya matso da baki, ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji sai shi:

"'Yata ta ce ko kwalbar magani sai ita ke buɗe maka. Ta ce da ta sani direba ta aura."

Ƙarya ce. Ba ta ce ba. Amma dubi idon! Dubi yadda ya canza! Ashe akwai mutum a cikin tsumman nan—hannu ya tashi, ba neman gafara, iska ta zo, iska, Tsinke, irin taka, har gashin kunne—shi kuma Ƙwallo ya daki cinyarsa da nasa tafin don ƙarar, TAS!—fuska ta tambaya, "Ni?"—ido ya nemi mai ceto—ƙafa ta taka abin da babu—

hagu.

Rufin ɗaki na wucewa. Haɓa. Iska. Damatsa—

GARAM!

…Kai.

Kai, kai, kai. Wannan ita ce. Wannan ita ce faɗuwa. Ya ji katakon ya amsa tun daga wannan bango har wancan, ya ji tagogi sun yi rawa, ƙura ta tashi tana sauka masa a fuska. Bai taɓa yin wadda ta fi ta ba, ko a gaban manya, ko ranar mai lemo. Diddige ya zo daidai. Ƙeya ba ta taɓa ba. Wa ya ce ya tsufa? A kira likitan, a kira 'yar, a kira—

To. Yanzu a kwanta. Ba a motsi. Ƙa'ida ce, tun ranar farko: wanda ya faɗi ba ya tashi sai dariya ta kai ƙarshenta ta fara gangarowa, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya, ta sake tashi. Mai gaggawar tashi ɓarawon kansa ne. Ido a rufe, baki a ɗan buɗe, ƙafa ɗaya a karkace. Tana zuwa. Takan ɗan yi jinkiri in faɗuwar ta yi kyau sosai, sai numfashi ya dawo musu tukuna…

Tana zuwa.

Masu faci ne fa. In akuya ta yi tari…

Me ya sa yake jin ƙarar motoci a titi? Bai kamata a ji titi ba. Bai taɓa jin titi daga nan ƙasa ba.

"Innalillahi…"

Wa ya ce haka? Ba ya cikin wasan. Wa ya ba shi wannan maganar?

Ƙafafu. Katako na kawo masa su ta ƙashin baya, da gudu, da yawa. Wani abu ya faɗi, biro ne, ya gangara ya tsaya a kunnensa. "Kada a ɗaga shi! Kada a taɓa wuyan!"—muryar Mai Tabarau ce, amma ta zama ta yarinya ƙarama. Yatsu masu sanyi a wuyan hannunsa, suna lalube, warin kemis… "Baba. Baba, ni ne. Na shiga uku, ni na mare shi, wallahi ban taɓa shi ba, Baba!" Sakarai, ai marin ya yi kyau, karo na farko a rayuwarka, kada ka ɓata shi da kuka. Ku ja baya! Kuna tare wa 'yan kallo! Ku ba su wuri su gani, yanzu za su—

"Haba, jama'a." Direban tanka ne, murya ƙasa, kamar a gidan makoki. "Tsoho ne fa. Ya za ku bar tsoho ya hau tebur?"

Tsoho.

Ba bara ba. Bara ne ya hau, kowa ya gani, bara ne ya juya hoto, bara aka yi wa dariya yanzu-yanzun nan… To wa ya faɗo? A ina aka yi musanyar? Tsakanin tebur da ƙasa, ɗan wannan wurin, ko taku biyu bai kai ba…

Uwar yara ce kaɗai. Duk shekarun nan ita kaɗai ce ba ta taɓa dariya ba. Takan zauna can baya, kusa da ƙofa, da an ce "sunkuyo" sai ta sa mayafi ta rufe fuska, ɗaki na girgiza ita tana ƙudundune kamar ana ruwan duwatsu. A hanyar gida ya yi ta yi mata tsiya—ke ba ki san wasa ba, ke an haife ki ranar da dariya ta yi tafiya. Sai sun shiga ɗaki ta ce cire rigar, ta bi bayansa da yatsa, ƙashi bayan ƙashi. Ya ɗauka rashin wayewa ne. Mace ɗaya a cikin ɗaki guda, me ta sani…

Yanzu duk ɗakin ya zama ita. Har masu faci.

Ya ɗaga yatsan? In ya ɗaga yanzu, in ya buɗe ido ya kashe musu ɗaya, za su sauke ajiyar zuciya, za su ce alhamdulillahi, ƙila ma su tafa. Tafin sannu. Irin wanda ake yi wa jariri in ya gama cin abinci. Sannan tela ta zo ta cire masa rigar a hankali, a hankali, don kada ya ji ciwo.

Ba a tashi sai an yi dariya.

Kuma ƙafar hagun nan… ya aika mata saƙo tun ɗazu. Ta dama ta amsa. Yatsun hannu sun amsa. Ita shiru. Ƙila ƙa'ida take bi ita ma, ƙila ta fi shi biyayya, ƙila… Bai sani ba. Kwance yake don ya ƙi tashi, ko kwance yake don—

Bari dai. Kada a yi gaggawa. Wani a can baya, ƙaramin nan da ya durƙushe ɗazu, kamar ya ja numfashi… kamar wani abu na taso masa a maƙogwaro…

Tari ne.

To. A ɗan ƙara jira. Katakon ma akwai sanyi, akwai daɗi a baya… a ɗan ƙara kaɗan…